Zauren Masu Karatu: Karkataccen kwanon shayi na Japan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da muka sa hoton wani baƙin kwanon ƙasa na Japan a fitowar da ta wuce, irin wanda suke shan koren shayinsu a ciki, saƙonni suke ta shigowa kamar ruwan Agusta, wasu na mamaki, wasu kuma har da ɗan faɗa-faɗa wai mun cinye shafi guda a kan kasko. Na tsamo guda biyar daga ciki, sauran kuyi haƙuri, yawancin tambayoyin dama sun shiga juna.

Tambaya: Dan Allah Malam ni fa ban gane ba. Kwanon nan baƙi ƙirin, bakinsa ma ba daidai ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, wallahi in a kasuwar Sabon Gari na ganshi ko tayawa bazan yi ba, amma naji ance irinsa sai masu hannu da shuni. Meye sirrin? (Wata 'yar uwa daga Zariya)

Amsa: 'Yar uwa a hoto kam da gaskiyarki, domin wannan kwanon dan tafin hannu aka gina shi, hoto kuwa ido kaɗai yake ciyarwa. Sunansa chawan a yarensu. Kinga shayin da suke sha a wannan zama ba irin namu bane da ake dafa ganye a buta a tace a zuba a kofi, nasu gari ne, matcha, koren ganye ake niƙawa a dutse har ya fi garin kuka laushi, a ɗebi kamar giram 2 a zuba a cikin kwanon, a kawo ruwan zafi kaɗan wanda bai kai rabin kofi ba, sai a burga da wani ɗan maburgi na gora da suke cewa chasen, wanda daga guntun gora ɗaya ake tsaga masa siraran haƙora 80 zuwa 100, har sai yayi kumfa. Toh kinga kwanon shine tukunyar shine kuma kofin. Dole cikinsa yayi faɗin da maburgin zai wala, dole jikinsa yayi kaurin da zafi bazai ƙona hannu ba tunda bashi da mariƙi, da hannu biyu ake tallafarsa kamar yadda kike tallafar ƙoƙon fura, dole kuma bakinsa ya zauna wa leɓe.

A da can manyan Japan da kwanukan ƙasar Sin suke tinƙaho, masu sheƙi, daidaitattu tas. Sai aka samu wani mutum ɗan garin Sakai, Sen no Rikyu, wanda aka haifa 1522, ɗan gidan 'yan kasuwa ne amma ya zama babban malamin shayi na masu mulkin lokacin, Oda Nobunaga sannan Toyotomi Hideyoshi. Shi Hideyoshi mutum ne mai son ƙawa, har ɗakin shan shayi na zinari ya sa aka yi masa. Rikyu kuma ya bi ta ɗaya gefen, ɗakinsa mai suna Taian da har yau yana nan kusa da Kiyoto tabarma biyu ne kacal faɗinsa, bangon ƙasa, irin ɗakunan nan da ƙofarsu ƙarama ce sai ka durƙusa ka shiga da rarrafe, in kai mayaƙi ne ka ajiye takobinka a waje. A irin wannan ɗaki kwano mai walƙiya ihu zai riƙa yi. Shine a shekarun 1580 ya sa wani magini a Kiyoto mai suna Chojiro ya gina masa kwano mara ado ko ɗaya, baƙi ko ja, wanda in ka riƙe shi zaka manta da shi ka ji ɗumin shayin kawai. Daga nan aka samo abin da ake kira Raku.

Yadda ake ginin ne ya ke burge ni. Ba a ɗora shi a faifan nan mai juyawa da wasu magina ke gini a kai. Magini zai mulmula curin yumɓu ya baje shi kamar waina mai kauri, ya sa tafukansa biyu ya riƙa tattaro gefen sama a hankali yana matsowa ciki har ya zama kwano, shi yasa in kika tallafe shi sai kiji ya shige hannunki, ai a cikin tafin wani aka haife shi. In ya sha iska ya ɗan yi tauri sai a ɗauko 'yan ƙarafa a yi ta kankara ciki da waje, nan ne aikin yake, ana rage nauyi ana barin kauri inda ake so, a sassaƙa ɗan gindin da zai zauna a kai, a bar ɗan kwari a tsakiyar ciki inda ragowar shayi zai taru. Bakin da kika ga ya hau ya sauka da gangan ne. Ruwan sheƙin baƙin kuma, wato abin da ake shafawa ya narke a wuta ya zama kamar gilashi, daga dutsen kogin Kamo na Kiyoto ake niƙo shi. Sai gashi: kwano ɗaya tak ake sawa a ɗan tanderu, gawayi kewaye da shi, ana zuga wuta da zugazugi kamar a maƙera har zafi ya kai wajen digiri 1,200, sannan a zaro shi da awartaki yana jawur kamar garwashi ya huce a iska. Wannan hucewa ta farat ɗaya ita ke kama baƙin. Sau da yawa ma zaki ga tabon awartakin a jikinsa, kuma masu abin basa ɗaukarsa aibi.

Zuri'ar gidan Raku suna nan a Kiyoto har gobe, magaji na 16 ne ke riƙe da gidan tun 2019, kowannensu sunan Kichizaemon yake ɗauka, kuma suna da gidan tarihi a gefen gidan da aka buɗe 1978. Ƙasar da magini ke aiki da ita ma kakanni ne suka haƙo suka tanada, shi kuma ya nemo ya ajiye wa jikokinsa. Shi Rikyu ƙarshensa ba daɗi, sun ɓata da Hideyoshi ya umarce shi ya kashe kansa a 1591.

Batun tsada kuwa bazan ɓoye miki ba, wani kaso kuɗin suna ne. Kwano mai daraja yana da sunansa na kansa kamar doki, yana da akwatin katako da wani babban malamin shayi ya yi rubutu a murfinsa, kuma an san hannun wa da wa ya bi, salsala guda. In akwatin ya ɓata farashi ya faɗi ko da kwanon lafiyarsa ƙalau. Wannan ɓangaren ni bai cika damuna ba. Amma aikin hannun gaskiya ne, kuma akwai na ƙananan magina da ɗalibi ma zai iya saya.

Tambaya: Wanne ne sarkin kwanukan gaba ɗaya, kuma nawa ne kuɗinsa? (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Amsa: Ɗana abin mamakin shine manyan ma ba a Japan aka gina su ba. Akwai waɗanda ake kira Yohen Tenmoku, daga tanderun Jian a lardin Fujian na ƙasar Sin, zamanin daular Song ta Kudu, ƙarni na 12 zuwa 13. Baƙaƙe ne amma cikinsu ɗige-ɗige masu shuɗin haske kamar ka leƙa sama a daren da ba wata. Guda 3 ne cikakku da aka yarda da su a duniya kuma duk suna Japan, ɗaya a gidan tarihin Seikado a Tokiyo, ɗaya a na Fujita a Osaka, ɗaya a Ryukoin cikin haikalin Daitokuji a Kiyoto. Waɗannan ba na sayarwa bane, dukiyar ƙasa ce a hukumance. Amma dan ka ƙiyasta, wani ɗan uwansu na tanderun Jian ɗin, mai ɗigon mai, an yi gwanjonsa a gidan gwanjo na Christie's da ke New York a Satumban 2016 a kan dala miliyan 11.7.

Wanda ni na fi so labarinsa shine Kizaemon Ido, ginin Koriya na ƙarni na 16, ruwan ƙasa-ƙasa, sheƙin gindinsa duk ya cure ya yi ƙuraje-ƙuraje, ba a ma san sunan wanda ya gina shi ba. Shi ma yana Daitokuji, shi ma dukiyar ƙasa ne. Cikin waɗanda aka gina a Japan kuwa biyu ne kacal suka samu wannan matsayi, Unohanagaki, wani fari mai irin ruwan sheƙin da suke kira Shino, da Fujisan na Hon'ami Koetsu wanda samansa fari ƙasansa baƙi-baƙi kamar dutsen Fuji da ƙanƙara a ka.

Tambaya: Malam yarona ne da ke karatu a Japan ya kawo min tsarabar irin kwanon nan, fari-fari mai ɗan ja, yace na Hagi ne. Toh ni dai naga in na zuba ruwan zafi gindinsa na yin gumi har ya jiƙa faranti, ga jikinsa duk 'yan tsage-tsage, yanzu ma sun fara yin ruwan ƙasa. Anya ba jabu aka sayar masa ba? (Hajiya daga Kano)

Amsa: Hajiya ki kwantar da hankalinki, abin da kika lissafa ɗin nan shine shaidar na gaske ne, Allah ya yi wa yaron albarka. Masu shayi suna da wata magana, a kwanukan shayi na ɗaya Raku, na biyu Hagi, na uku ginin garin Karatsu, kinga ba ƙaramin abu ya ɗauko miki ba.

Hagi gari ne a lardin Yamaguchi. Ƙasarsu mai yashi-yashi ce, bata haɗewa ƙam a wuta, saboda haka tana numfashi, kamar dai sabuwar randa da ke tsatsafo da ruwa ta jiƙa ƙasan da take zaune. Tsage-tsagen kuma a ruwan sheƙin suke kawai ba a jikin kwanon ba, lokacin hucewa sheƙin ya fi ƙasar tsukewa sai ya dare siriri-siriri. Shayi na bi ta nan yana shiga a hankali, shekara da shekaru launin na sauyawa, su har suna suka sa wa abin, rikiɗa bakwai ta Hagi, kuma tsohon da ya sha shayi ya fi sabo fal daraja a wajensu.

Ni ma ina da guda ɗaya, wani abokin aiki ya bani shekarun baya. Da yazo fari ne kamar nono da ɗan ja-ja a gefe inda wuta ta lasa. Yanzu in na ɗaga shi a hasken taga da safe, cikinsa kamar an shimfiɗa siririyar raga ruwan goro, ta fi duhu a ƙasa inda shayi ke kwanciya, ga wani wuri a baki da ya ɗan dushe daidai inda leɓena ke sauka kullum, a gefen hagu kuma akwai ɗan lotsawa da babban yatsana ke faɗawa ciki ko ban duba ba. Na taɓa yin kuskure da damina na wanke na kife shi a kabad bai gama bushewa ba, bayan sati biyu na tarar ya yi fumfuna yana warin rima, sai da na tafasa shi na shanya kwana da kwanaki kafin ya dawo, raina ya ɓaci sosai a lokacin.

Dan haka ga abin yi. Ki samu ruwan wankin shinkafa mai kauri, ko ki dama ɗan sitaci tsararo, ki nutsa kwanon a tukunya ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, ki sauke ki barshi ya huce a ciki, ki ɗauraye ki shanya ya bushe ƙayau, sitacin zai toshe ƙofofin, in bai daina ba ki maimaita. Kullum kafin amfani ki fara zuba masa ruwan ɗumi ya sha. Banda sabulu mai ƙamshi, banda soson ƙarfe, banda miya ko wani abu mai maiƙo, dan duk abin da ya sha ya sha kenan. Shayin madara ma ki bar wa kofin tangaran, amma baƙin shayi ko koren ganye ba laifi.

Akwai abin da bana son in tsallake a tarihin Hagi. Tsakanin 1592 da 1598 Hideyoshi ya kai wa Koriya yaƙi har sau biyu, da sojojin za su koma sai sarakunan yaƙin suka kwaso magina 'yan Koriya da yawa, akasari ba da son ransu ba, aka zaunar da su a garuruwan Japan suna gini. Ginin Hagi wasu 'yan uwa biyu 'yan Koriya ne suka kafa shi a ƙarƙashin wani sarkin yaƙi mai suna Mori Terumoto a farkon shekarun 1600. Duk sanda na riƙe nawa sai na tuna mutanen da aka raba da gida.

Tambaya: Na ga suna gyara fasasshen kwano da zinari. Da gaske zinari ne? Kuma ya halatta Musulmi ya sha a ciki? (Wani bawan Allah daga Kumasi)

Amsa: Malam sunan aikin kintsugi, amma ba zinarin ke riƙe kwanon ba kamar yadda mutane ke zato. Ƙaron wata bishiya ne da ake kira urushi, a kwaɓa shi da garin alkama ya zama danƙo a manne gutsattsarin, a cike giɓi da wanda aka haɗa da garin ƙasa, a goge, a sake shafawa, a ƙarshe ne ake barbaɗa garin zinari a kan layin tun yana ɗanye. Shi wannan ƙaro laima yake so kafin ya ƙame, a akwati mai danshi ake ajiye kwanon, shi yasa gyara ɗaya ke cin makonni har watanni, ɗanyensa kuma in ya taɓa fata yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Su gyartan can kenan, sai dai namu da zare yake ɗinke ƙwarya. Akwai ma wani koren kwanon Sin a gidan tarihin ƙasa na Tokiyo da ake kira Bakohan, wanda ake ba da labarin cewa mai mulki Ashikaga Yoshimasa da kwanon ya tsage ya mayar da shi Sin a nemo masa irinsa, aka rasa, aka ɗaure shi da ƙusoshin ƙarfe aka dawo masa da shi, suka ga ƙusoshin kamar fara ta sauka a kai, sunan ya bi shi.

Ɓangaren addini kuma, hanin ci da sha a ƙoƙon zinari da azurfa ya tabbata a hadisi. Ya kuma tabbata a Bukhari daga Anas ɗan Malik cewa ƙoƙon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsage sai aka ɗaure wurin da sarƙar azurfa. A kan wannan ne malamai da yawa suka sauƙaƙa a ɗan ɗaurin azurfa na buƙata, suka tsananta a na zinari. Ka kai wa malamin da kake bi bayanin yadda aikin yake ya baka fatawa. In kuma kana son fita daga saɓani, su kansu Japanawan suna gamawa da azurfa, ko su bar ƙaron haka nan baƙi ko ja ba ƙarfe ko kaɗan, kuma ni a idona na baƙin ya fi dacewa da kwanon ƙasa. Ka dai kiyayi kayan gyaran nan masu araha na intanet, yawanci gam ne na kanti da hoda mai ruwan gwal, na ado ne, kar a sha abu mai zafi a ciki.

Tambaya: Mahaifiyata maginiyar tukwane ce, nima na taso ina taya ta. Zamu iya yin irin wannan da ƙasarmu? (Wata matashiya daga jihar Neja)

Amsa: 'Yata wannan tambayar tafi kowacce faranta min rai, kuma kina zaune ne a kusa da inda zaren ya haɗu. Wani Bature ɗan Ingila, Bernard Leach, a Tokiyo ya fara ganin gashin raku a wajen wata walima a 1911, abin ya shiga ransa ya koyi gini a can, ya koma gida ya buɗe maginarsa a St Ives a 1920 tare da abokinsa Hamada Shoji. Almajirinsa na farko-farko shine Michael Cardew, wanda a farkon shekarun 1950 ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Cardew ya ga tukwanen wata maginiya Bagwariya suka ɗauke masa hankali, ita ce Ladi Kwali, ta shiga cibiyar a 1954, yau ga hotonta a bayan naira 20. Manyan tulunanta da suka zaga duniya da hannu ta gina su, irin ginin da ta koya a gida tun tana yarinya.

Dan haka hannun kam kuna da shi, abin da Chojiro ya yi na gini ba faifai shi mahaifiyarki take yi kullum. Inda aikin yake shine wuta da sheƙi. Gashin da ake yi a fili da itace da ciyawa baya kai zafin da zai narkar da sheƙi mai ƙarfi, sai an gina tanderu, kuma yumɓun na son a haɗa shi da yashi ko dakakken tsingaro dan kar ya fashe in an zaro shi da zafinsa. Ki kula da abu biyu. Sheƙin da ke narkewa a ƙaramar wuta a da ana sa masa dalma, ita kuwa guba ce, duk wanda zai baki haɗi ki tambaye shi ƙarara ko akwai dalma a ciki. Sannan rakun da zaki gani a bidiyo ana jefa jan kwano cikin garin katako yana hayaƙi yana fitowa da launin bakan gizo, wannan salon Amurkawa ne da ya yaɗu daga shekarun 1960, kayan ado ne, ba a ci ba a sha a ciki.

Ki fara da ƙarami, faɗin baki kamar santimita 12, tsayi kamar 8. Na lokacin sanyi su kan yi shi mai zurfi dan ya riƙe zafi, na bazara kuma mai faɗi kamar kasko dan ya huce da wuri, ki gwada duka biyun. Tun yana ɗanye ki tallafe shi da hannu biyu ki kai bakinki, inda kika ji ya tokare miki leɓe ki kankare, ki kuma juya shi ki ba gindin lokaci dan nan masu abin suke fara dubawa. In kin gasa na farko ki turo mana hotonsa ta sama da ta ƙasa, ki gaida mana Mama da aiki.